Tsarabar da Na Kai wa Maryama a Kudai

Tun da na dawo daga Umara ba ku bar ni na huta ba. A makaranta tambaya, a gidan biki tambaya, har matar da ke yi mini kitso sai da ta ce in ba ta labarin Makka. Kowa na ba shi dabino da zamzam, na ce alhamdu lillahi, na ja bakina na yi shiru. Malama Rakiya ce ta tare ni ran nan ta ce, "Lami, ke da ko kasuwar Sabon Gari kika je sai kin dawo mana da labarin awa biyu, Makka guda ki ce alhamdu lillahi kawai?" Gaskiyarta. Akwai abin da na rufe, don kunyarsa nake ji. Yanzu da maganar ta zo ƙarshe ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Wasunku sun san ina da dangi a can. Gwaggona Hajara, yayar mahaifina, ta tafi Hajji da mijinta ta ƙasa, ta Sudan, tun ba a haife ni ba, suka zauna ba su dawo ba. 'Yarta Maryama a Makka aka haife ta, a can ta yi aure. Mijinta soja ne, jikan Hausawa amma ɗan ƙasa, ana kiran sa Abu Faisal. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa da ita, lokacin da Gwaggo ta kawo ta Zariya ganin gida muna 'yan mata, muka yi wata guda muna kwana a tabarma ɗaya. Ita 'yar mace, ni 'yar namiji, kun ga taubasai ke nan, ba abin da ba ma faɗa wa juna. Bayan rasuwar Gwaggo zumuncin ya koma gaisuwar waya ranar Salla.

Da biza ta fito, tsaraba na fara tunani kafin kayan sawa. Me za ka kai wa mutumin Makka? Turare daga wurinsu yake zuwa, yadi suna da shi. Abincin gida ne kawai ba su da irin namu. Na sa aka yi mini alkaki da nakiya kamar za a kai gara, na haɗa dakuwa, garin dawa, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kilishi, goro, da man shanu galan guda wanda na soya da hannuna. Ban kira ta na tambayi abin da take so ba. A wurinmu wa yake tambayar mutum kafin ya kai masa alheri?

Daga Zariya zuwa Kano a motar haya na tafi. Muna wuce Kwanar Dangora wani dattijo da ke bayana ya ce, "Hajiya, ko dai wani abu ya fashe a but? Ƙamshi ya ishe mu, ga shi ba mu karya ba." Direba ya tsaya, muka tarar murfin galan ya saki, man shanu ya jiƙe gefen buhun wani bawan Allah. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, yau masararsa ta samu mai. Muka ɗaure bakin galan da leda da tsumma muka ci gaba.

A filin jirgin Kano na haɗu da sauran 'yan ayarinmu. A cikinsu akwai Hajiya Uwani, 'yar kasuwa, wadda wannan ce Umararta ta tara, kuma ba ta bari ka manta da haka. Ita ta karɓi jakata ɗaya ta haɗa da nata kayan da aka ce nawa sun yi nauyi. Ta shinshina jakar ta ce, "Goro ne a ciki? To ki yi masa sallama tun yanzu, a Jidda za ku rabu."

Haka kuwa aka yi. Da hantsi muka sauka, muka yi layin da ƙafa ta kumbura, aka ɗauki hoton yatsunmu, sannan muka iso wurin masu binciken kaya. Wani ma'aikaci da safar hannu ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya taku biyu, ya kira abokinsa shi ma ya zo ya shaƙa. Uwani ta yi musu bayani da Larabcinta na kasuwa. Kuka kuwa sun zaci lalle ce suka bar mana ita, ba mu yi musu gardama ba. Goro da kilishi suka ture gefe suka ce mamnu'u, wato an hana. Na yi ta mita har cikin bas. Da na san abin da ke gaba, da roƙon mutumin zan yi ya riƙe jakar gaba ɗaya.

A unguwar Jarwal cikin Makka aka sauke mu, a wani otal mai hawa goma sha ɗaya da lif ɗaya. Mu huɗu a ɗaki, gadaje a jere ba wurin shimfiɗa sallaya sai an bi layi. Sanyin na'ura ya hana ni sakewa, in na kashe Uwani ta kunna. Ta taga ba abin da ake gani sai gine-ginen da ake rushewa da waɗanda ake tayarwa. Da safe wake ne dakakke da man zaitun, da wani burodi mai faɗin faifai da suke kira tamis. Umarar kanta ba zan iya ba ku labarinta ba. Na ga Ka'aba, addu'o'in da na haddace tun daga Zariya duk suka gudu, na tsaya ina kuka ina kiran sunan iyayena.

Washegari da la'asar aka ce ana sallama da ni a ƙasa. Na sauko na tarar da wani dogon mutum mai furfura a gemu, ya gaishe ni da ladabi ya ce shi ne Abu Faisal, Maryama tana mota. Raina ya ɗan sosu. Shekara talatin da wani abu ba mu haɗu ba, a ce ko fitowa ba za ta yi ba? Da na leƙa motar na ga dalili. Maryaman da na sani siririya, wadda take riga ni hawa katanga, ta cika kujerar gaba har ƙofa. Muka rungumi juna ta taga muna kuka. Da na share hawaye sai bakina ya dawo.

"Taubashiya," na ce, "ashe shi ya sa alhazai ke dawowa a rame. Ke kike cinye rabonsu."

Ta yi dariya har da tari. "Ke kuma har yanzu bakin nan bai mutu ba, ya Lami." Hausarta irin ta Gwaggo ce, ta Zazzagawan da, sai Larabci da ke faɗowa ciki nan da can.

"Soja ya iya kiwo," na ƙara. "Allah ya ƙara daɗi."

A kujerar baya akwai 'yarta Hanan, matar aure mai 'ya'ya biyu, malamar makaranta kamata. Ita ba ta yi dariya ba. Na ce a raina yaran Makka ba su san wasa ba.

Suka ɗauke ni da kayana zuwa gidansu a Kudai, kusa da inda manyan motocin alhazai ke tsayawa. Bene ne, suna hawa na biyu, ba lif. Maryama sai da ta huta sau huɗu kafin mu kai, tana dafe da gwiwa, ni kuwa ina tsokanar ta. Zamansu ya bambanta da namu. Ƙofa kullum a rufe, maƙwabciya ba ta faɗo maka sai ta yi waya. Ɗakin baƙi maza daban, na mata daban. Gahawa ake fara ba ka a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, kuma in ba ka girgiza kofin ba ba za a daina zuba maka ba. Na sha bakwai kafin Maryama ta tausaya ta gaya mini. Amma abu ɗaya ba su yar ba: ba a barin baƙo ya ci abinci shi kaɗai, uwar gida sai ta zauna an sa hannu tare.

Na buɗe jaka a tsakar ɗaki ina fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Maryama ta ɗauki ƙullin daddawa ta kai hanci ta daɗe ba ta sauke ba. Ranar na kori kowa daga kicin, na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na malala man shanu. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, don a kanta suke cin abinci. Lomar farko Maryama ta rufe ido ta ce, "Miyar Inna ce." Daɗi ya kama ni har ban san inda zan sa kaina ba.

Kwana biyar muka yi a haka. Da safe kunu da alkaki, da rana tuwo, da yamma nakiya da dakuwa muna hirar mutanen da suka mutu. Kowane cin abinci Hanan takan kawo wani ɗan faranti, ganye da tsokar kaza dafaffiya ba mai, ta ajiye gaban uwarta. Ni kuma in ture shi gefe in ce wannan ai abincin akuya ne. Sau da yawa Maryama takan yi loma uku ta ce ta ƙoshi. Kun san abin da muke yi a irin wannan. Sai in tsame hannuna in ce, "To ni ma na ƙoshi, tunda an raina abincin ƙauye." Sai ta mayar da hannu. Ban taɓa yin wannan dabara ta kasa aiki ba.

Rana ta shida da safe ina wanke tukunya Hanan ta shigo ta tura ƙofa. Idonta ya yi ja.

"Khala," ta ce, haka suke kiran 'yar'uwar uwa, "Hausa tawa kaɗan ce, ki yi haƙuri. Ummi ba ta da lafiya. Abincin nan yana kashe ta."

Na ajiye soso. Na ce, "Abincina?"

Ta nuna mini wata takarda manne a jikin firji, wadda kullum nake gani ina zaton jadawalin salla ne. Hausar ta ƙare mata, sai ta kira ubanta. Abu Faisal ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya yi mini bayani dalla-dalla kamar mai ba da rahoto.

"Yaya Lami, ciwon sukari ne da hawan jini, kuma ya fara taɓa ƙoda. Likitoci sun ce sai an yi mata aikin rage tumbi, a nan takmim muke ce masa. A asibitin kuɗi ya fi ƙarfina. Inshorar lafiyarmu ta sojoji tana ɗaukar aikin, amma sai lajna ta sa hannu, wato kwamitin likitoci."

"To su sa mana. Ba su gan ta ba ne?"

"Gani ba ya isa. Sai nauyin mutum ya kai inda suka yanka, sai yana da ciwon da ƙibar ta jawo. Waɗannan duk ta cika. Saura ɗaya. Sai ta yi wata shida tana zuwa wurin likitar abinci, tana rubuta duk abin da ta ci a littafi, kuma ta rage kilo goma da kanta. Sun ce wanda bai iya riƙe bakinsa kafin aiki ba, bayan aiki zai ɓarke ɗinkin."

Na ce, "Wato sai ka yi ƙiba su karɓe ka, sai ka rame su yarda da kai."

Bai yi murmushi ba. Ya ce sau biyu ana mayar da ita. Na farko ta rasa ranar ganin likita ɗaya. Na biyu ya faɗo bayan Hajji, gida cike da baƙi wata guda. Wannan ne na uku, in ta faɗi za a rufe fayil ɗinta, ta koma bayan layi, kuma layin na shekaru ne. Ƙodar ba za ta jira ba.

"Ranar da kika sauka ta riga ta rage goman," in ji shi. "Yau da asuba Hanan ta ɗora ta a sikeli. Uku sun dawo. Saura kwana goma a auna ta."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Na tuna kowace loma da na tilasta mata, na tuna maganar da na yi a bakin otal gaban mijinta da 'yarta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni ai ba makauniya ba ce. Na ga tana hutawa a matakala, na ga farantin ganye, na zaɓi in yi dariya. Daga kunya sai fushi ya taso, kun san hali. Na wuce ɗakinta ko sallama ban yi ba.

"Maryama, bakinki ciwo yake da ba za ki gaya mini ba?"

Tana zaune bakin gado tana shafa mai a gwiwa. Ta dube ni ta gane an faɗa mini.

"Aibu ne, ya Lami. Ki ɗauko kaya tun daga Zariya, in ce miki ba na ci? Inna ta tashi daga kabari ta mare ni."

"Gwaggo ta fi son ki da rai."

Sai ta ce, "Kada ki ɗora wa kanki duka. Ina sane nake ci. Bayan aikin nan cikina ba zai ƙara ɗaukar tuwo ba, sun gaya mini. Inna ta mutu tana kwaɗayin miyar nan da daddawar gida, ba wanda ya kawo mata. Ke kaɗai kika rage a danginta da ke tunawa da mu. Na ce bari in ci rabona da nata."

Na zauna kusa da ita muka yi kuka mai isar mu. Da muka gama na ce, "To ji nan. Kin ce ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai, ko? Kuma abin da baƙo ya ci shi uwar gida ke ci?" Ta ce haka ne. Na ce, "Daga yau abin da ke kan takardar firji shi baƙuwarki take so. In kin isa ki ci wani abu daban ki ba ni kunya."

Ranar Abu Faisal ya kwashe sauran tsarabar ya kai wa ɗaliban Najeriya da ke karatu a Jarwal. Ya ce sun yi ta sa mini albarka, wani ma ya tambaya ko ina da 'ya. Ayarinmu kuma washegari zai tafi Madina kwana huɗu. Na je otal na ce wa shugaban ayari ba ni zuwa. Uwani ta kama haɓa ta ce, "Ki zo har nan ki ƙi ziyara saboda ganye?" Na ce mata ina da ɓarnar da zan gyara. Masu tambaya ta labarin Madina ina kauda kai, yau kun ji dalili. Abin yana ci mini rai har yanzu, ina roƙon Allah ya sake kira na.

Abincin takarda kuwa, Allah ya isa. Ƙwai ɗaya da safe da kokwamba. Da rana kifi ko kaza girman tafin hannu, da ganye. Da yamma nono marar zaƙi rabin kofi. Hanan ke aunawa, kuma ba ta da sani ba ta da sabo. A rana ta biyu na yi faɗa da kowa a gidan, har da mai kawo ruwa a tanka wanda ba ya jin Hausa. Maryama tana kallo na tana dariya. "Wata shida nake haka," ta ce, "ke kwana biyu kin zama kura." Maƙwabta suka riƙa zuwa gaishe da baƙuwa da farantan kayan zaƙi. Nakan yi godiya in ce ba na ci, sai Maryama ta samu mafaka, tunda baƙuwa ba ta taɓa ba ita ma ba za ta taɓa ba. Na san sun tafi suna cewa 'yar Najeriyar nan girman kai gare ta.

Likita ta ce a riƙa tafiya, sai muka mai da Harami wurin tafiyarmu. Daga Kudai akwai bas da ke bi ta ramin dutse ya ajiye ka kusa da masallaci. Kullum da hantsi muke zuwa da keken guragu. Da farko tana tura keken tana dogara da shi, in ta gaji ta zauna in tura ta. A nan ta gaya mini shekara shida rabonta da yin ɗawafi da ƙafarta, ita da aka haifa ana jiyo kiran sallar Harami daga ɗakin. Mu muna tara kuɗin shekaru don mu zo, ita tana nan kusa gwiwa ta hana ta. Rana ta tara ta yi zagaye huɗu a tsaye, gumi har cikin safa, sauran ukun na tura ta.

Ranar awo Abu Faisal ya sa kakinsa, ya kai mu asibitin sojoji a hanyar Jidda. A ƙofa aka duba katinsa da nata, aka daɗe ana jujjuya takardata kafin a bar ni in shiga a matsayin mai rakiya. Ɗakin jira na mata cike yake da masu irin matsalarta. Wata tun jiya ba ta sa komai a baki ba. Wata ta cire awarwaro da zobba ta ba 'yarta. Wata kuma a gefe tana ta ɗura ruwa, Hanan ta raɗa mini cewa ita nauyinta ne bai kai ba, ƙari take nema. Na ce duniya ke nan.

Aka kira Maryama, muka shiga mu uku. Likitar abincin 'yar Sudan ce, dattijuwa mai tabarau. Maryama ta cire takalmi ta hau sikeli, ni na kasa kallo. Da na ji Hanan ta ja numfashi na san ba a kai ba. Saura kilo ɗaya da 'yan kai ta cika goman.

Likitar ta karɓi littafin abinci tana buɗawa. Ta wuce shafuka masu yawa da sauri, sai ta tsaya. Ta karanto wata kalma da ƙyar, ta ɗago ta yi tambaya. Hanan ta ce mini, "Tana tambaya mene ne alkaki."

Ashe Maryama ba ta ɓoye komai ba. Kwana biyar ɗin nan duk suna ciki da rubutun Larabci, tuwo malmala nawa, nakiya guda nawa, har man shanu cokali nawa. Na miƙe tsaye ba wanda ya ba ni izini.

"Hanan, gaya mata ni ce. Gaya mata na zo daga Najeriya da jaka biyu, ban tambaya ba, ita kuma ba ta iya ce wa baƙo a'a. Gaya mata in ta ce ta ƙoshi nakan cire hannuna har sai ta mayar da nata. In akwai wanda za a rufe wa fayil, ni ce."

Hanan ta fassara. Likitar ta cire tabarau ta dube ni, ta yi magana mai ɗan tsawo.

"Ta ce a garinsu ma haka ake yi, uwarta ma haka take cire hannu," in ji Hanan. "Ta ce ba za ta rubuta lambar da sikeli bai nuna ba, kuma ba za a sa hannu yau ba. Amma littattafai da yawa ake kawo mata masu tsabta, ganye daga farko har ƙarshe, sikeli kuma yana ƙaryata su. Wannan bai yi mata ƙarya ba. Za ta shiga da shi gaban lajna ta roƙa kada a rufe fayil."

Muka koma ɗakin jira. Fiye da awa guda muna zaune, Maryama na jan carbi. Da aka sake kiran mu aka ce an ba ta sati shida, kuma daga shi babu wani.

Kwana biyu bayan nan ayarinmu ya taso. Maryama ta sauko matakala har bakin mota, ta ce ba za ta sake gaishe ni ta taga ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Baƙuwa za ta tafi, wa zai hana ni ci?" Na ce, "Wa ya ce miki na tashi daga kan ledar? Har ranar da za su sa hannu, abin da kika ci shi zan ci." Hanan ta kwafe mini takardar firji, ta karanta ina rubutawa da Hausa, sannan ta sumbaci goshina. A jirgi aka kawo shinkafa da kek, na ci kazar na miƙa wa Uwani sauran.

To masu cewa tun da Lami ta dawo daga Makka ta daina cin abincin mutane, a sunan gidan Malama Rakiya ko waina ba ta taɓa ba, ba tsarki na ƙara ba. Kullum bayan la'asar ɗinmu nakan kira ta, ta karanto mini littafinta in karanto mata nawa. Sau ɗaya na saci ƙosai uku a makaranta, na faɗa mata, ta yi mini faɗan da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba.

Talatar da ta wuce sati shidan ya cika. Tun safe na kasa koyar da komai, na ba yara aikin aji na zauna ina kallon waya. Bayan azahar ta yi ƙara. Lambar Abu Faisal ce, shi da bai taɓa kira na da kansa ba.

"Yaya Lami," ya ce. Ina jin numfashinsa, sojan nan ya kasa haɗa magana. Da ƙyar ya ce, "Sun sa hannu."

Na zauna a ƙasan ofis, ɗankwalina a hannu. Sai na ji an karɓe wayar.

"Taubashiya," in ji Maryama, "sha ɗaya na rage, har da na gyara. Wata mai zuwa za a yi aikin. Yanzu ki saurare ni, ni ce uwar gida. Na sallame ki. Je ki tuƙa tuwo, ki zuba man shanu yadda kika saba."

Na ce, "Ni kaɗai?"

"Ki kira ni in kin zauna," ta ce. "Ki ci a hankali, kina gaya mini yadda yake."